Marafen Roba a Tsakar Gidan Iya Firmina

Ni maƙeri ne, ina kuma taɓa walda. Ƙofofi da tagogi nake yi a nan unguwarmu ta Curuzu, sai kayan ƙarfen da gidajen ibadar gargajiya suke sa ni in ƙera musu. Sunana Genivaldo, amma Vado ake kirana. Makaranta ban yi nisa ba, kuma ban taɓa kwana ina kukan haka ba. 'Yata guda ce, Edileuza. Taurin kai a wurina ta gada, don uwarta, Allah ya ji ƙanta, ba ta da wannan ciwon.

Tun tana 'yar sakandare ta kwaso wani wasa. Ranar Asabar da yamma idan na kashe wuta, sai su share teburin da nake yankan ƙarfe a kai, ita da abokanta su kewaye shi. Kowa ya zaɓi wanda zai zama, wannan mayaƙi, waccan matsafiya. Ita ce mai jan labarin. Idan mutum ya ce zai tsallake rami ko zai sari dodo, sai ya jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi zai nuna ko ya yi nasara ko ya sha ƙasa. Ni a ganina zaman banza ne aka samo wa kujera.

Wata rana na leƙa littafin da suke dubawa. Turawa ne cikin rigunan ƙarfe, ga dusar ƙanƙara ko'ina. Na ce, "Ke, duk ƙasar nan babu baƙin mutum ko ɗaya? Ko mai ƙosai?"

Ta buɗe wani shafi ta nuna min. Akwai shi. Shi ne dodon da ake kashewa.

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga nan ta ajiye littafin ta fara gina tata ƙasar ta wasa. Shekaru ta yi a kai, da rana tana sayar da magani a kanti, in ta tashi ta bi tsofaffi da ɗakunan karatu tana tone-tone a kan ƙasashen da aka ɗebo kakanninmu zamanin cinikin bayi. Ta yi birane masu ganuwar jar ƙasa, da ayarin gishiri, da malaman da ke rubutu a allo a wanke a sha, da mata masu tsaron fada, da wani garin maƙera wanda sarki da kansa sai ya cire takalmi kafin ya shiga. Wannan garin dai na ce mata ta ƙara masa girma.

Sai ta ce ɗan ludo ma ba namu ba ne. Ta je kasuwa ta sayo farin wuri, ta ɗauki magagarina ta goge bayansu ɗaya bayan ɗaya, yadda kowanne zai iya faɗuwa ta ciki ko ta baya. Goma sha shida ta yi, don haka ta taso tana gani ana zubawa wajen duba a gidan ibadarmu tun tana goye. A zuba su a tebur, a ƙirga waɗanda suka buɗe baki, yawansu shi ne sa'ar mutum. Bira, wani ƙaton kwandastan bas da ke cikin 'yan wasan, ya ɗauke su da waya ya sa a intanet. Jama'a suka yi ta kallo, har masu wani babban taron wasanni a São Paulo suka gayyace ta.

Ana cikin murnar nan saƙon Iya Firmina ya iso. Ita ce uwar gidan ibadarmu. Ita ta wanke dutsen wuyan da Edileuza take sawa, kuma a gidanta kayan marigayiya matata suke, can ake kai mata abincinta duk shekara. Saƙon bai da tsawo: ko wuri su fita daga wasan, ko Edileuza ta daina taka ƙofar gidan.

Yarinya ta tayar da hankali. "Baba, wurin nan su ne ran wasan. Saboda su aka kira ni São Paulo. Ka je ka yi mata bayani mana."

Na ce, "Ni ba na ɗaukar saƙo tsakanin mata biyu. Ki je ki faɗa mata ido da ido. Rakiya dai zan yi miki."

Ranar Lahadi bayan cin abinci muka tafi, har da Bira, tun da shi ya jawo. Muka tarar da Iya a ƙarƙashin mangwaro tana surfa waken ƙosai, tabarau a kan hanci, mata biyu suna taya ta. Edileuza ta kwanta a ƙasa ta ce, "A sa min albarka, Iya."

Iya ta bar ta nan ƙasa har ta gama ɗauraye hannu, sannan ta ce, "Allah ya yi miki. Tashi, sarauniyar intanet."

Edileuza ta tashi, ba ta sunkuyar da kai ba. "Iya, ba raini na yi ba. Na gaji da jefa kayan wasu ne. Ina so yaron da ya zauna a teburina ya riƙe abin kakanninsa a hannu."

"Wa ya ce kin yi raini? Ke kika ji na faɗa?" Ta miƙa hannu. "Kai, tulu, kawo wayar nan."

Bira ya miƙa da hannu biyu. Ta sa aka nemo mata inda shi ya zuba wuri, ta ce a tsayar.

"Me wannan ya ce a wasanki?"

"Ya tsallake kogi lafiya, Iya."

"To ni abin da na gani, yaron nan ya kiyayi teku har wata ya mutu. Ban nema ba, jikata ce ta kawo min waya wai in ga abin sha'awa. Amma na gani, kuma ba zan ce ban gani ba. Kazata mai ƙwai na yanka don kare wannan ƙaton, shi ko labari bai da shi."

Bira ya fara zufa. "Iya, ni fa ko wanka sai an matsa min."

"Hancina ya riga ya gaya min. Rufe baki."

Matan nan suka ƙyalƙyale. Iya ba ta yi dariya ba, ta juyo kan Edileuza. "Da hannunki kika buɗe musu baki. Su ba su san kina wasa ba, in aka zuba su sai sun yi magana. Yanzu za ki kwashe su zuwa São Paulo, baƙi su yi layi suna zubawa tun safe har yamma, kowa a gaya masa abin da ke gabansa, ba mai ji, ba mai amsawa. Wa zai ɗauki wannan kayan? Ke? Ko kajina?"

Edileuza ta yi shiru. Na san shirun nan, nawa ne. Ba saduda ba ce, neman hanya ne.

"In na rage su zuwa huɗu fa?"

"Huɗu ma suna magana, sai dai a taƙaice."

Na sa baki na ce zan ƙera mata na ƙarfe. Iya ta dube ni ta saman tabarau. "Vado, kai da kake ƙera wa mai ƙarfe kayan ibadarsa, kai ne za ka ce ƙarfe bai da mai shi? Kai ma an ba ka rawar wawa a wasan ne?"

Na koma na jingina da mangwaro.

Edileuza ta ce, "Goro fa, Iya?"

"Da mai shi."

"Ɓarin wake?"

"Kina ganin ina surfa shi. Kin san abar bautar da nake soya wa."

"Haba Iya! Komai na duniyar nan da mai shi?"

"Sai yau kika sani? Ina kika je kika yi ta tone-tonen naki?"

Edileuza ta dube-dube tsakar gida. Akwai wani bokiti a gefen rijiya da yara suke tara marafen robar lemo. Ta je ta ɗauko ɗaya, ja, ta miƙa. Iya ta juya shi, ta ɗaga shi sama, ta shinshina.

"Wannan ba uwa ba uba. Zuba abinki har ki gaji."

Bira ya ce, "Edileuza, marfin lemo za mu kai São Paulo? Za su ce 'yan bola ne suka zo."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Shekarun da ta zuba, a ce ƙarshensu marfin roba. Sai na ga ta buɗe jaka ta ciro ƙullin wurin nan, ta durƙusa, ta ɗora a cinyar Iya da hannu biyu.

Ta ce, "Su ce abin da suka ga dama. Zan sa a dokar ƙasar wasan: tsohuwa ɗaya ce tak take zuba wuri, a bayan labule, kuma ba ɗan wasan da zai taɓa ganinsu. Wanda yake son jin maganarsu sai ya yi tafiya ya je ya durƙusa, ya kuma ɗauki abin da aka ɗora masa. In mutanen São Paulo sun tambayi dalili, zan ce haka ake yi a gidanmu. In ba su so, su riƙe teburinsu."

Iya ta kwance ƙullin ta dubi wurin, ta sake ƙullewa ta cusa cikin zani. "An riga an buɗe musu baki, dole a ciyar da su. Sun zama 'yan gidan nan. Ke kuma ranar abincin uwarki ki zo da sassafe, akwai daka."

Na ji numfashin da yarinyar nan ta sauke daga inda nake tsaye. Na ce to mu tafi kafin a sake shawara. Iya ta ce ina, ai ba ta ga wasan da ya ci mata kaza ba. Aka kife turmi aka ɗora faranti, Bira ya ƙirgo marafe goma sha shida daga bokiti.

Edileuza ta ce, "Wa za ki zama, Iya? Akwai babbar matsafiya a birnin ganuwa."

"Wannan aikin ya ishe ni a gida. Ba ni mai jan ayarin gishirin nan, mai takobi."

Edileuza ta gyara zama. Muryarta ta sauya, ta zama ta ranar Asabar. Ta ce ga ayari a bakin kogi, ruwa ya cika ya tumbatsa, 'yan fashi sun biyo sawu, babu hanya sai wata gadar igiya da ta ci shekaru. Matan nan suka bar wake suka matso. Iya ta ce za ta haye a kan dokinta, ba ta sauka don kowa ba. Ta tattara marafen ta girgiza kamar wadda ta saba, ta watsa a faranti.

Biyu kawai suka buɗe.

Edileuza ta ce, "Iya, igiya ta tsinke. Kin faɗa ruwa."

"Bari in sake."

"Ba a sakewa, Iya."

Tun ina saurayi nake shiga gidan nan, ban taɓa jin wanda ya ce wa matar nan a'a a ƙarƙashin mangwaronta ba. Ga 'yata zaune, baya a miƙe, ido cikin ido, ba ta ko ƙifta ba. Iya ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta mayar, ta daɗe tana kallonta.

Sai ta daka mana tsawa. "To tsayawa za ku yi kuna kallona ina shan ruwa? Vado, ba an ce akwai garin maƙera ba? Ja kujera ka zo ka ciro ni!"

Na ja kujera. Na ce wa Edileuza maƙerin nawa yana da sarƙa doguwa a kafaɗa, irin wadda ba ta tsinkewa.

Ta ce, "Za mu gani, Baba. Zuba."