Ɗan Gadin Injin Yaya

Auta ya cire ɗan gadin daga injin yayarsa, bai sa wani ba. Kuskuren ke nan.

Ɗan gadi wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar wake ba. Masu gyaran rediyo ne suka sa masa sunan. Aikinsa ɗaya: in an kawo wuta, ya danne ƙwaƙwalwar inji, kada ta farka sai wutar ta tsaya da ƙafarta. Na injin ƙyanƙyasar Yaya ya ƙone, babu irinsa a shagon gyaran Auta, sai ya tsallake shi da waya. A kan tebur inji ya tashi lafiya lau. Ta kai shi gida, ta jera ƙwan talo-talon mijinta. Shi ya rasu, cuta ta bi tsuntsayen ta share, ƙwan nan kaɗai suka rage.

Yau da safe aka ɗauke wuta, aka dawo da ita rabi-rabi. Fankar shago na juyawa kamar mai gyangyaɗi. Auta ya ɗauki ƙarfen dalma ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya kira Yaya, waya a kashe.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo. "Kai, kujerar cizo take yi ne?"

"Duba min shago."

A kasuwa mai sayar da kayan gyara ya ƙyalƙyale da dariya. "Ɗan gadi? Ku da kuke tsallake shi, yau an tuba?"

"Ba ni, sauri nake."

Sai da mutumin ya zazzage gwangwani uku kafin ya samo. Auta ya ƙunshe shi a takarda, ya faɗa bas. Bas ɗin kuwa ko inuwar mutum ta gani sai ta tsaya. Ya sauka tun ba a kai ba, ya ƙarasa da ƙafa.

Yaya na shanya a tsakar gida. "Auta! Lafiya da rana tsaka?"

"Injin fa?"

"Ƙalau. Tun safe nake leƙawa, lambar zafin ko motsi ba ta yi ba."

Lambar inji mai lafiya ba ta zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki ya ɗora hannu a gilashin, ya janye da sauri. Ƙwaƙwalwar ta farka cikin raunanniyar wuta ta sandare, ta bar abin ɗumama a kunne. Ya fizge filogi, ya buɗe murfi. Tururi ya buge su.

Yaya ta ɗauki ƙwai ɗaya da bakin zane, ta kara a kunne. Ta daɗe a haka.

"Wutar ce ko?" ta ce a hankali. "Ai ba laifinka ba ne."

Da a ce ya ce e, da shi ke nan. Ya warware takardar, ya nuna mata a tafin hannu.

"Wannan ne babu a ciki. Ni na tsallake shi."

"Ɗan wannan?"

"Shi."

"Ka sani, ka bar ni na jera su?"

"Na sani. Na ce a raina zan kawo wani."

Ta mayar da ƙwan gurbinsa, ta gyara masa zama. Tun yana goye a bayanta take ce masa Auta.

"Mai gyara," ta ce, "sa abinka. In za ka fita ka ja min ƙofa."