Abin da ke Ƙarƙashin Sallaya

Alhaji Maje bai taɓa riƙe burushin fenti ba tun da uwarsa ta haife shi. A Kaduna ko ƙwan lantarki ne ya mutu, waya yake ɗagawa a zo a canza. To amma Landan ba Kaduna ba ce. Maƙwabcinsu a Plumstead, wani tsohon Bature mai ƙusumbi, ya hau tsani ya fente gaban gidansa shi kaɗai. Hajiya Hannatu, matar Alhaji, ta leƙa ta taga ta ce, "Kai, ka ga maza!" Iyakar abin da ta ce ke nan, da ma ta haɗiye abinta.

Washegari tana fita kasuwar Woolwich, Alhaji ya shigo da gwangwanin farin fenti, irin mai ruwa-ruwan nan na bango. Abu ɗaya ne a gidan Hajiya ba ta haɗa shi da komai, wato jan kafet ɗin falo mai zanen furanni. Na marigayiya mahaifiyarta ne, a kansa tsohuwar ta yi zaman jinyarta na ƙarshe, kuma tun daga Kano aka yo dakonsa. Ko shayi ba a sha a kansa. Mai hankali zai naɗe shi kafin ya buɗe gwangwani, amma Alhaji ya dube shi ya ga nauyi, ya ce shi ai ba yaro ba ne da zai zubar.

Kuma da yake yana so ya tura wa dangi hoto su ga yadda ake zaman Turai, sai ya saɓa babbar riga, shadda mai aiki, har da hula. Jama'a, fenti da babbar riga! Ya jingine waya a kujera, ya shafa wa bango layi ɗaya, ya yi wa kyamara murmushi, ya yarfa hannun riga kafaɗa kamar yadda ya saba. Hannun rigar ya kwashi gwangwanin. Fenti ya malale a tsakiyar furannin tsohuwa.

A jikin gwangwanin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ruwan ɗumi da sabulu na fitar da shi muddin bai bushe ba. Amma ina Alhaji ina karanta gwangwani? Ya yago takardar goge hannu ya hau dirza, tabon da bai fi faifai ba ya koma girman tire. Yana cikin haka ya ji makulli a ƙofa. Ya cusa rigar a bayan kujera, ya fizgo sallaya daga saman durowa, ya shimfiɗa ta a kan ɗanyen fentin, ya hau ya zauna da carbi.

Hajiya ta shigo da ledojin kuɓewa da doya, ta dubi layin fenti a bango, ta dubi mijinta.

"Alhaji, lafiya?"

"Na fara gyaran bango ne," in ji shi, ido a lumshe, "sai na tuna da lahira."

Ta tsaya baki buɗe. Shekara da shekaru tana fama da mutumin nan. Ba wai ba ya salla ba ne, yana yi, amma sai an gama labarai, sai an tashi daga ƙwallo, sannan ya haɗa azahar da la'asar ya dungura kamar mai gudun ruwan sama. Ta ajiye kayanta a hankali ta wuce kicin da sanɗa, kada ta katse masa zikiri.

Da safe ya faki ido ya ja gefen sallayar. Ina! Ta kama ƙam, kamar tare aka saƙa su. Babbar masifar kuma, ba alƙibla take kallo ba, ƙofar kicin ta dosa. 'Yarsu Afrah, wadda ke jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta same shi a kai ta ce ai gabas ta wajen taga take.

"Ke da aka haifa jiya a asibitin Turawa, ke za ki nuna mini gabas?" Ya daka mata tsawa. Amma daga nan sai ya riƙa tsayawa a karkace, sallaya na kallon kicin, shi yana kallon taga.

Haka gadi ya kama shi. Da Hajiya ta jawo injin shara, sai ya tayar da nafila. Idan ta ce a ɗaga sallayar a kakkaɓe, sai ya ɗaga mata yatsa alamar yana cikin wuridi. Tunda a kan sallaya yake yini, ba shi da hujjar jinkirta salla, lokaci na yi yake miƙewa. Ƙwallo ya gagara, gwiwoyi suka yi tsami, har baƙi ya fara fitowa a goshi. Matan unguwa da ke zuwa wajen Hajiya suka fara durƙusawa daga bakin ƙofa suna cewa a saka su a addu'a. Shi kuwa bai musa ba, har wani lanƙwasa murya yake yi.

Wata rana da yamma ya ji Hajiya a kicin tana waya da ƙanwarta Anatu. Kuka take yi.

"Wallahi Anatu, addu'ata ce ta karɓu. Na sha tsayawa gaban Ubangiji a kan mutumin nan, na ɗauka zan mutu ban gani ba. Da ma Inna tana raye ta gani. Kuma kin san a kan kafet ɗinta ya zaɓi ya zauna?"

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi niyyar tashi ya faɗa mata gaskiya, sai ya tuna fuskarta idan ta ga furannin, ya koma ya zauna.

Ranar Juma'a ta zo. Mutumin da ake roƙon addu'a a wajensa ba shi da bakin cewa ba zai je masallaci ba. Ya ja kunnen kowa kada a taɓa masa wurin ibada, ya fita. Ko kalma ɗaya ta huɗuba bai ji ba, ana sallamewa ya yo gida har da ɗan gudu.

Yana shiga falo ya ci birki. Sallayar tana kallon taga.

Ya durƙusa ya ɗaga gefenta, ta taso salin alin. Kafet ɗin da ɗan danshi, jansa ya dawo, sai fure ɗaya da ya koɗe ya yi fari-fari, gashinsa ya zube. A gefe ga roba cike da ruwa fari kamar koko, ga cokali, ga tsummoki tuli.

Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin, yatsunta sun yi jajur, farce biyu sun karye.

"So na yi in wanke maka ita in turara," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Da ruwan ɗumi na yi ta jiƙawa har ta saki, sannan na bi da cokali ina kankarewa. Da ka faɗa mini tun yana ɗanye, ko furen nan ba zai mutu ba."

"Hajiya, wallahi..."

"Ban gaya wa Anatu ba. Ban gaya wa Afrah ba." Ta share ido da bayan hannu. Ba kafet ɗin take kallo ba, shi take kallo. "Yanzu babu abin ɓoyewa a ƙarƙashinta, kana iya naɗe abarka ka mayar saman durowa. An kusa fara ƙwallo."

Da yake yinin hunturu gajere ne a Landan, sai ga wayarta da ke kan tebur ta saki kiran sallar la'asar. Alhaji Maje yana durƙushe da gefen sallaya a hannu, ita kuma tana tsaye tana jira ta ga ko addu'arta ta karɓu.