Kailu da Kwamin Jakin Manzo

Mu Kurfayawa, in ɗanmu ya je Kumasi ya yi dako shekara uku, ba gajiya kaɗai yake kawo mana tsaraba ba, har da ilimi. Kailu ya sauka Filinge ana saura 'yan shekaru Faransawa su tafi, da kwat ta ulu, da tabarau, da kalmar Ingilishi guda ɗaya. Wani malamin makaranta da yake ɗaukar wa kaya ya koya masa ita: ƙishirwa, wadda Kailu ke furtawa "tasti". Wai asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin bushewa, kuma Turawa har ga mai son ilimi ko mulki suna faɗinta. Kasuwa uku ya yi yana raba wannan karatu kyauta ga mutanen da suka san ƙishirwa tun kafin su yi haƙori.

Abin da ya dawo da shi gida kuwa Haske ce, bazawara, ɗiyar Manzo mai haƙar rijiya, a wani ƙauye tafiyar rabin yini. Yana sonta ƙwarai, ita ma ba ta ƙi ba, saura amincewar uban. Ranar gaisuwa ya tashi da hantsi, tsakiyar bazara, cikin kwat. Gorar ruwa ya bar ta rataye, don a ganinsa mutumin Kumasi ba ya ratayen gora.

Ya isa da azahar, harshensa kamar tsohuwar fata. Manzo ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwan randa cikin ƙwarya, garin hatsi na yawo a kai. To, al'adarmu, mai neman aure kurɓa ɗaya yake yi gaban suruki, ya ajiye. Kailu ya san in leɓensa ya taɓa ƙwaryar nan sai ya ga gindinta, a ce Manzo ya samo suruki mai haɗama. Sai ya ce bari ya nuna kunyar da ta fi ta kowa.

"Na gode, Baba. Ban jin ƙishi."

Manzo ya dube shi, ya dubi kwat. Tsohon nan shekara arba'in yana cikin rami, ya san busasshen wuri in ya gani.

"Madalla. An ce mini ka san sunan ƙishirwa da bakin Ingilishi. Hwaɗa mini, ɗana. Mi a asalinta?"

Kailu ya soma. Kowace kalma sai ya ɓamɓaro ta daga ganɗa. Ya kai wurin bushewa, muryarsa ta bushe. Manzo bai tausaya ba. Ya jawo ƙwaryar, ya sha a hankali, maƙogwaro na hawa da sauka, ruwa na bin gemu, ya mayar da ita daidai gwiwar baƙo.

"Ƙara hwaɗi, kunnena ya yi nauyi."

A zagaye na uku Kailu ya ga ƙwarya ta zama biyu. Ya ce zai kewaya, ya fita yana tangaɗi. A bayan gidan akwai rijiya, gefenta kwamin shayar da dabbobi, jakin Manzo na sha. Kailu bai yi shawara da kowa ba. Ya durƙusa da kwat da tabarau, ya tura kai. Jakin ma ya matsa masa, da yake ya fi mu sanin haƙƙin baƙo.

Da ya ɗago, Haske na tsaye bakin rijiya da guga a hannu. Kunya ta rufe shi har ya gwammace ƙasa ta tsage. Kalma ɗaya ta faɗa wa mata, gobe 'yan mata sun sa shi a waƙa, maganar aure kuma ta wargaje.

"Na Kumasi," ta ce, "ruwan gidanmu na da ɗaci ne?"

Ya ajiye Ingilishi da girman kai gefe, ya ce:

"Ƙishi nika ji, Haske. Ba ni ruwa."

Ta miƙa masa guga, ya sha har ya yi gyatsa. Ta tsame tabarau daga kwami, ta share da gefen zane, ta ce ya koma kafin Baba ya yi tsammanin ya faɗa rijiya.

Manzo ya ga gaban kwat sharkaf, da ƙaiƙayi manne a gashin baki. Bai tambaya ba. Da kaka aka ɗaura aure.

Haske ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai dai duk ranar da baƙi suka taru, Kailu ya gyara murya zai soma bayanin asalin kalmar nan, sai a ji ta daga madafa:

"Maigida, an shayar da jaki kuwa?"

Sai ya miƙe ya tafi dubawa. Baƙi na mamaki, don gidan Kailu ba a taɓa ajiye jaki ba.