Kabarin Rifkatu a Gonata

Ni ne Fannami. Ku tambaya a ƙasar Auyo, babu wanda bai san ni ba. Ambaliya ta ci gidana, ta ci shinkafata, ni ban ciwu ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma kogin Haɗeja ya san hannuna.

Fasto Istifanus ya zo ƙauyenmu da matarsa Rifkatu daga kudancin Bauchi, ya kafa majami'ar langa-langa a bayan gari. Mabiyansa ba su cika tabarma ɗaya ba. Kullum sai ya tsaya a bakin jirgina na fito.

"Baba, yaushe za ka zo mana ibada?"

"Ran da ka daina rufe ido a cikin jirgi, ɗan tudu."

Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya ɗauke Rifkatu. Maƙabartar Kiristoci tana can Haɗeja, ruwa kuwa ya shanye hanya, irin ruwan da ni kaina ban sa masa jirgi ba. Tamu ta Musulmi ce. Fasto ya je wurin mai gari neman inda zai binne ta, kowa ya sunkuyar da kai.

Na ce masa, "Taso. Ina da gona a kan tudu."

Ni na haƙa kabarin da hannuna. Na binne mutane da yawa a rayuwata, don haka na yi shi yadda muka saba, siriri, daidai kwanciyar mutum a gefen dama. Sai ga Fasto da mabiyansa da akwatin katako, wanda suka ƙera da bencin majami'ar. Akwati ya ƙi shiga.

Fasto ya dubi ramin, ya dube ni. "Baba, har ƙasar ma ba ta son mu?"

Na koma cikin ramin da magirbi, ina faɗaɗawa ruwa yana tsattsafowa, shi yana zaune ya dafa akwatin. A cikin taɓo muka sa ta.

Da rani shugabanninsa suka mayar da shi gida, aka kwance langa-langar. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Ka tsare min ita."

Yanzu gwiwoyina sun ƙi. Ɗana Ya'u ke noma gonar, bana kuma tarakta ya ɗauko haya. Na sa aka kai ni a babur, na zauna a kan kabarin tun safe har direban ya gama. Baɗi ban san wanda zai zauna ba.