Sandar Isiyaku

Ernest yana goga samfefa a kan fatar bakin sandar sinuka ke nan sai Callistus ya shigo da ƙarti huɗu da igiyoyi, ya ce yau teburin nan zai bar ɗakin nan.

"Baba Ernest, mota na waje. Abeg, kwashe naka mu ɗaga namu."

"Ku ɗaga mana. Na riƙe muku ƙafa ne?"

Callistus ɗan kasuwa ne a Sabon Tasha, shi ya sayi teburin sinuka na kulob ɗin ma'aikata bayan masaƙar Kakuri ta rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Shekara ashirin da biyu Ernest yana kula da teburin nan a Kakuri. Shi ke goge shimfiɗarsa, shi ke jera ƙwallaye, amma abin da aka san shi da shi gyaran sanda ne. Ya san wanda ke son fata mai tauri, ya san mai son mai laushi, ya san wanda zai ɓarar da wasa da hannunsa ya zo ya ɗora wa sanda laifi. Tun makon jiya masu sanduna suke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗauke nasu daga jikin katakon bango. Yanzu saura guda, ita ce a hannunsa.

"Wannan fa? Ka haɗa mini da ita," in ji Callistus.

"Tana da mai ita."

"Ina yake?"

Ernest ya hure garin fatar.

Mai ita Malam Isiyaku ne, tsohon shugaban masu rini a masaƙar, maƙwabcinsa a Nasarawa katanga ɗaya, shekara goma sha tara. Ya rataye sandar a nan wata Asabar a watan Fabrairu na shekarar dubu biyu, ya ce sai Litinin. Litinin ɗin ce garin ya kama da wuta. Aka ƙone gidan Isiyaku, ya tsere da iyalinsa. A ranar kuma Sunday, ɗan Ernest na fari, ya tafi wurin aikinsa na gyaran ƙarfe a ƙetaren kogi, bai dawo ba. Sai a kwana na huɗu aka same shi a ɗakin ajiye gawa. Daga nan garin ya rabu biyu, kowa ya koma ɓangaren da ake ibada irin tasa.

Shekara uku ke nan, Isiyaku bai zo gaisuwa ba, bai aiko ba, ko da saƙon baki. Mutumin da ya ɗauki Sunday a kafaɗa yana yaro, wanda Sunday ke kira Baba. Wannan abu ya tsaya wa Ernest a rai fiye da yadda yake iya faɗa wa kowa. Duk da haka bai taɓa barin sandar ta lalace ba. Da damina yakan goge ta da busasshen tsumma, ya mirgina ta a kan tebur ya ga ko danshi ya lanƙwasa ta. In zafi ya busar da fatar ta yi tauri, sai ya yanke ta da reza, ya kankare tsohon gam, ya liƙa sabuwa, ya gyara mata kai yadda mai ita yake so. Da za ka tambaye shi dalilin da yake yi wa mutumin da yake fushi da shi wannan hidima, sai dai ya harare ka, don shi ma bai sani ba.

Ya biya ta gida ya sake riga. Matarsa Martha tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta dubi sandar, ta dube shi.

"Ina za ka da ita?"

"Tudun Wada. Benson direba ya ce ya hango shi daga cikin mota, yana sayar da yadi a bakin kasuwa."

"Kai da ka ce ƙafarka ba za ta sake taka gadar nan ba?"

"Ba zumunci zan je yi ba. Kayansa zan miƙa masa, in dubi idonsa, in dawo."

Martha ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "To kai ka je masa jajen gidansa?"

"Gida da ɗa ɗaya ne, Martha?"

Ta tashi ta ɗauko wani tsohon zanenta ta ba shi ya naɗe sandar, kada rana ta buge ta.

A nan Ernest ya yi kuskuren da mai gyaran sanda kaɗai zai yi. Hankalinsa yana kan itace da rana, bai tuna da idon mutane ba. Sandar irin ta da ce, guda ɗaya santal, ba ta da mahaɗi a tsakiya balle a kwance ta biyu. Dogon abu naɗe a zane, gindi mai kauri, baki siriri, a hannun dattijo mai ɗaure fuska, a garin da ko tayar mota ta fashe sai an rufe shaguna. Yana sa ƙafa a bas wata mata ta janye 'yarta jikinta.

"Baba, mene ne wannan?" in ji kwandasta.

"Sandar wasa ce."

"Wane irin wasa? Kawo a ɗaure a sama."

"A sama? Cikin wannan rana? Kafin mu kai gada ta zama baka."

"To tura ta ƙarƙashin kujera."

"Ku tattake ta? Ka bar ni da kayana, ɗana."

Haka ya zauna a gefen taga da ita a gicciye, gindinta a kan takalminsa, bakinta kusa da rufin mota, ya kare ta da tafin hannu duk sanda aka faɗa rami. Bangon hanya duk hotunan 'yan takara ne, kowa yana murmushi. An ce soja sun koma bariki shekara huɗu da suka wuce, amma ga su nan a bakin gada da buhunan yashi. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo, idonsa ya sauka a kan zanen Martha.

"Kai, Baba! Sauko. Buɗe."

Ernest ya sauko ya warware. Sojan ya karɓa, ya juya ta, sai fuskarsa ta saki. Ashe ɗan wasa ne. Ya sunkuya ya auna wata ƙwallo da babu ita, abokansa suna dariya. Daga nan ya juya ta zai dogara bakinta a kan kwalta. Ernest bai san lokacin da ya cafke wuyan hannun mutum mai bindiga ba.

"Oga, ba a sa bakinta a ƙasa."

Sojan ya dubi hannun, ya dubi furfurar, sannan ya miƙa masa abarsa.

"Ka yi sa'a, Baba. Amma kada ka sake naɗe ta. Riƙe ta a fili kowa ya ga ko mece ce."

Bas ɗin ya riga ya tafi. Ernest ya shiga wani, ya sauka a Tudun Wada da sanda tsirara a hannu, zane a kafaɗa. Rabonsa da unguwar nan tun kafin rikici. Babu wanda ya ce masa komai, amma yana jin idanu a bayansa. Ya tuna ta wannan hanya Sunday ke bi zuwa aiki. Ya yi ƙoƙari kada ya dubi lunguna, don kowane lungu ya kalla sai zuciyarsa ta ce ko a nan ne.

Ya sami Isiyaku a wata 'yar rumfa, yana auna wa wata mata yadi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Duk maganar da Ernest ya shirya a hanya tana bakinsa. Isiyaku ya ɗago, almakashi ya faɗi daga hannunsa.

"Baban Sunday!"

Shekara uku babu wanda ya kira shi da wannan suna. A Nasarawa kowa ya daina, don tausayi. Ya ji kamar an taɓa masa gyambo. Kafin ya ce wani abu Isiyaku ya zagayo ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ja masa benci, ya aika a kawo ruwan sanyi, yana ta jero gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya Maman Sunday. Ernest yana amsawa da lafiya lau, a daƙile.

"An rufe kulob," ya ce. "Yau aka ɗauke tebur. Ga kayanka."

Isiyaku ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya ture yadudduka gefe, ya kwantar da ita a kan teburin awo, ya mirgina. Ta tafi sumul, ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya bi tsawonta da kallo. Sannan ya danna farcen babban yatsa a kan fatar.

"Wannan ba ita na bari ba."

"Ta bakwai ce."

"Bakwai?" Ya sake danna fatar. "Ni da ko allin goga wa sanda ban taɓa ba tun ranar."

"Fata ba ta san ba ka nan ba. Bushewa take yi."

Isiyaku ya sunkuyar da kai yana murza bakin sandar a tsakanin yatsu. Ƙarƙashin fatar akwai ɗan zoben tagulla da ke riƙe itacen kada ya tsage. Ya kai shi kusa da ido, ya yi ɗan murmushi.

"Zoben nan ya fara sakewa. Aikin Sunday ne, ka tuna? Yana koyon aiki ya yanka mini shi, ya ƙi karɓar ko sisi. Ka ce masa Babansa na Tudun Wada yana son wani. Ko ya zama babban oga yanzu, ba ya kula ƙananan ayyuka? Ya yi aure kuwa?"

Ernest ya dube shi. Ya nemi alamar wasa ko ƙarya a fuskar, bai samu ba. Mutumin yana jiran amsa ne da gaske, da murmushinsa. Fushin da ya yi shekara uku yana riƙe da shi ya zube a take, bai bar masa komai ba sai baƙin ciki tsantsa, sabo kamar na ranar farko.

"Malam Isiyaku," ya ce. "Sunday ya rasu."

"Wane Sunday?"

"Ranar Litinin ɗin nan. Ya zo aiki nan ɓangaren, bai koma ba."

Isiyaku ya ajiye sandar a hankali. Ya nemi benci da hannu kamar makaho, ya zauna. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa, ya sake. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba.

"Wallahi ban ji ba. Daga barikin da muka fake Funtuwa muka wuce, shekara biyu muna can. Sau ɗaya na shiga Nasarawa da rakiyar 'yan sanda in ga abin da ya rage, na tarar da ƙofarka da kwaɗo."

"Mun kai shi gida Zonkwa. Wata biyu muka yi."

"Na ce kun gudu ne kamar kowa. Da na dawo na ga ba ka neme ni ba, sai na ce ko kunyar gidan ce ta hana ka. Na ce bari in ƙyale ka." Ya dafe kai. "Yaron da ya girma a tsakar gidana. Ina nan ina yanka yadi."

"Ni kuma na zaci ka ji ka ƙi zuwa," in ji Ernest. Faɗar ta fi masa komai nauyi. "Gidanka kuma, ban zo maka jaje ba. Ka yi haƙuri."

Isiyaku ya buɗe baki zai yi masa gaisuwa, sai ya fasa. Ya miƙe ya fara ninke yadudduka da sauri.

"A'a. Ba a nan ba. Ba a yi wa mutum ta'aziyyar ɗansa a bakin kasuwa, a kan bencin aro. Gida ake zuwa. Kuma uwarsa tana can."

"Yau?"

"Na makara shekara uku, kana so in ƙara kwana?"

Ya shimfiɗa sandar a kwance a kan yadudduka, ya rufe ta da ƙyalle, ya ja ƙofar rumfa ya kulle.

Suka shiga bas ɗin Kakuri, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ernest yana tunanin kangon gidan Isiyaku da ke jikin katangarsa, wanda ciyawa ta cinye, dole ta gabansa za su wuce. Yana tunanin samarin da ke zama a bakin layi, waɗanda ba su san wane ne Isiyaku ba. Motar ta wuce sojoji, ta hau gada. Ruwan ya ja baya sosai, duwatsu duk sun fito.

Suna kaiwa tsakiya Isiyaku ya ɗaga hannu ya cire hularsa, ya ninke ta biyu, ya tura a aljihu. Bai dubi kowa ba. Ernest bai taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba, sai yau ya ga ashe duk gashin ya zube. Kunya ta rufe shi, don ya gane tsoron kada hular ta nuna shi a Nasarawa ne ya sa ya cire ta.

"Mayar da hularka, Malam. Unguwarku za ka."

Isiyaku ya dafa masa gwiwa, idonsa a kan hanya.

"Bari dai mu kai ƙofar gidanka tukuna."