Bindigar da Ta Sha Man Zaitun

A ƙauyenmu da ke saman garin Bar, in aka haifi namiji, uba kan fita tsakar gida ya saki harbi a jere, duwatsu su amsa, kowa ya sani. In mace ce, sai a dafa kofi a sha shiru. Mu uku Babanmu Vukota ya haifa, duk mata, ni Zorka ce babba. Sau uku ke nan aka sha kofi a gidanmu.

Ranar da Mama ta fara naƙudata, ya cika ƙaramar bindigarsa da harsashi ya tsaya bakin ƙofa. Da ungozoma ta fito ta gaya masa abin da aka samu, ya mayar da ita aljihun tebur yadda take. Ba wanda ya ɓoye mini wannan labari. A wurin biki ma ana ba da shi ana dariya, ni ma ina taya su. Amma abin ya ci mini rai tun ina yarinya, kuma bai daina ba har na zama 'yar sanda, har furfura ta fara leƙo mini.

To, sai autarmu Gorana ta haihu a asibitin Bar, mace. Na hau ƙauye da safe ko kakin aiki ban cire ba. Na tarar Mama tana suyar priganice, irin fanken garinmu, ga zumar da za a dangwala ta ajiye a gefe, shi kuwa Baba yana ƙarƙashin itacen zaitun da bindigar nan a cinya, yana ta surfa mata zagi.

"Yauwa, ga hukuma ta iso," in ji shi. "Zo ki duba mini 'yar banzar nan. Ta cije."

"Me za ka yi da ita?"

"Dambu zan yi da ita. Jika na samu, ko ba ki ji ba?"

"Mace ce fa, Baba."

"Na ce miki kunnena ya toshe ne?"

Kusa da ƙafarsa ga kwalin sababbin harsasai. Mama ta leƙo ta taga ta ce ai tun da likita ya ce mace ce Baba ya sauka gari ya sayo su. Ni da girmana, da igiyoyi a kafaɗa, na tsaya ina kishin jaririyar da ko suna ba a sa mata ba.

"Harbi sama laifi ne," na ce. "Ni ya kamata in kama ka."

"Kya kama ni in na gama."

Muka yi ta ja har ya yarda zai harba cikin gangaren ƙasa da ke bayan garken awaki. Na karɓi bindigar, na zare gidan harsashi, na duba cikinta babu komai. Tsofaffin harsasan sun yi kore, sun manne da juna, sai da na sa tsinke na ɓanɓaro su. Na ja marfin sama baya na saki. Maimakon ya koma da ƙarfi ya kwashi harsashi, sai ya tafi a hankali kamar tsohuwa za ta hau matakala. Na kai hanci na shinshina.

"Wa ya shafa wa bindigar nan man zaitun?"

Baba ya ce shi rabonsa da taɓa ta tun ina cikin zanen goyo. Muka juya wajen taga. Mama ta yi kamar ba da ita ake ba, tana ta juya abin da ke cikin kasko.

"Milka!" Baba ya daka mata tsawa.

"To, da me zan shafa mata? Duk bikin Ista nakan goge ta. Man da nake ba ka kana lashe yatsu shi ne bindigarka ta fi ƙarfinsa?"

"Shekara arba'in kina yi mini miya a cikin bindiga!"

"Na ce kada ta yi tsatsa kafin ka yi hankali. Ban san za ka daɗe haka ba."

Ni kuwa na sunkuyar da kai kan aikina. Man ya daskare ya zama danƙo a kowane lungu. Na jiƙa ƙarafan cikin kananzir, na bi su da tsohon buroshin haƙori, na wanke gidan harsashin har sifirin ɗinsa ya dawo yana tura yatsana. Na ɗiga mata man bindiga na gaske da ke cikin motata. Da na gwada da hannu, harsashi na hawa ɗaya bayan ɗaya, ba gardama.

Muka zagaya bayan garke. Baba ya gyara hula, ya miƙa hannu ɗaya irin na mazan da, ya ja kunama. Ta tashi, awaki suka watse. Ya sake ja, shiru. Kwanson ya maƙale a baki, na biyun bai samu hanyar shiga ba.

"Ai ka harba, Baba, an ji. Ya isa."

"Harbi ɗaya? Sai su ce dila nake kora daga akurki. Gyara mini."

Na cire kwanson, amma ba bindigar nake kallo ba. Na ga yadda hannunsa ya lanƙwashe baya sa'ad da ta tashi. Ƙaramar bindiga sai wuyan hannu ya tsaya mata ƙyam take samun ƙarfin tofar da kwanso ta ɗauki na gaba. Hannun da ya gina katangar gonarmu da dutse, yau ya kasa riƙe abin da bai kai nauyin butar shayi ba. Na shiga laluben ƙaryar da zan yi masa. In ce sifirin ne? In ce harsasan?

Ya riga ni. "Ba bindigar ba ce, ko?"

"Ba ita ba ce, Baba."

Ya zauna kan dutse, ya ɗora hannun a gwiwa yana kallonsa. Tausayinsa ya kama ni har na manta da fushina.

"Wancan na jaririyar ne," ya ce, bai ɗago ba. "Saura uku, naku. Na so in yi su a jere, yadda ake yi, kowa ya ji. Na makara, Zorka. Kin ga har hannun ya gaji da jirana."

Na sa harsashi uku a gidan, na ɗaga Baba tsaye, na ba shi bindigar. Na tsaya bayansa na rungume wuyan hannunsa da hannuwana biyu, kafaɗata ta tokare tasa. Ashe ya rame haka, ban sani ba.

"Ja, Baba. Ina riƙe."

Ya ja. Uku suka fita a jere, ba wanda ya yi gardama, duwatsu suka mayar mana da su. Mama tana tsaye bakin garke da cokali a hannu, tana share ido da gefen ɗankwali.

Daga ƙetaren kwari maƙwabcinmu Mitar, sa'an Baba, ya fito kan barandarsa ya haɗa hannu a baki.

"Vukota! Kai tsohon banza, me aka samu?"

Na ji ƙirjin Baba ya cika da iska a jikina. Muryarsa ta fashe, amma ta kai.

"Mace, Mitar! 'Ya aka haifa mini! Ga ta nan riƙe da hannuna!"