Jiƙon Murja

Gora bakwai na jiƙo Haulatu mai kitso ta shanye kafin ƙafafunta su daina ɗaukarta.

Jiƙon na Murja ne, matar Manniru mai goro. Duk unguwar Sabo an san labarin, kuma in kun ji an ce duk Sabo, to da bakina a ciki. Shekara goma sha biyu ke nan da aka gwada su aka samu ƙanjamau. Manniru kullum cikin haɗiyar magani yake, ita kuwa ko ƙwara ɗaya ba ta taɓa sha ba, sai kumatu take yi kamar ƙosai. In an tambaye ta sirrin, sai ta nuna tukunyar ɓawon maɗaci da saiwoyi a bayan ɗaki. Har Yarbawa matan unguwar Mokola suna zuwa saye, suna ce masa agbo da yarensu.

Haulatu ƙawarta ce tun ƙuruciya, ita ma tana da cutar. Layin asibiti da idon mutane sun ishe ta, sai ta ajiye magani ta kama jiƙo. Cikin wata takwas ta koma kamar tsinken tsire.

Da aka kwantar da ita a asibiti, ta faɗa wa likita gaskiya. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce akwai mutane ƙalilan, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, da jikinsu ke danne cutar da kansa. Abin a halittarsu yake, gado ne daga iyaye, kamar wushirya. Ba a dafa shi, ba a ɗura shi a gora. Irinsu ana ɗibar jininsu don bincike, kuma kowannensu sai an zaunar da shi an yi masa bayani.

Ranar da aka sallame ta, Haulatu ba ta wuce gida ba. Ta samu Murja a tsakar gida tana tace jiƙo.

"Yaya Murja, masu ɗibar jininki duk wata uku, sun gaya miki?"

Murja ba ta ɗago ba. "Sun gaya mini."

"Yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

Haulatu ta dafa bango. Ranar da ta ajiye magani, Murja ce ta cika mata gorar farko da hannunta, har tana yi mata addu'a.

"Haulatu, kafin tukunyar nan, a gidan suna ko kofin da na sha ruwa ba a taɓawa. Ita ta sa aka daina ce mini mai cuta, aka koma ce mini mai magani."

"Ni kuma saura kaɗan a ce mini marigayiya."

A soro ta ci karo da wata baƙuwa mai goyo, riƙe da gora ba komai, tana tambaya ko nan ne gidan mai magani. Haulatu ta dube ta, ta dubi goyon. Sannan ta lallaɓa ta zauna a kan dakali, ta ce mata ta matso, maganar da ɗan tsawo.